Tambaya da Amsa: Gilaida Mai Inji da Ta Daɗe a Ajiye

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni makanikin mota ne, kuma wani maigidana ya nuna mini ƙaramin jirgin sama mai dogayen fukafukai, irin wanda matuƙinsa kan kashe injin a sama ya ci gaba da shawagi da ƙarfin iska. Jirgin yana ajiye tun kafin faɗuwar damina, da ragowar mai a tanki. Maigidan ya ce tun da injin bai sha aiki ba, ai kamar sabo yake, a ƙara masa fetur na gidan mai kawai a tashi. Shin haka ne, kuma da me zan iya taimakawa? Daga wani makaranci a Kakuri, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Irin wannan jirgi shi ake kira gilaida mai inji, kuma sanannu a cikinsu su ne Falke da Grob G 109 na Jamus da Super Dimona na Ostiriya. Yawancinsu suna ɗauke da injin kamfanin Rotax ko na Limbach, shi na Limbach asalinsa daga injin motar Volkswagen aka samo shi. Maganar maigidanka kuwa, da dukkan girmamawa, ba daidai ba ce, domin zama yana cin irin wannan inji fiye da yadda aiki yake cinsa, kuma wannan ne dalilin da ya sa masu ƙera shi suke ƙidaya masa watanni da shekaru tare da sa'o'in tashi.

Mu fara da tanki, domin a nan hatsarin ya fi ɓuya. Tankin da aka bari rabi a daminar Kaduna yana shaƙar iska mai laima, idan dare ya yi sanyi sai laimar ta zama raɓa a jikin bangonsa ta gangara ƙasa, tun da ruwa ya fi fetur nauyi, kuma daga ƙasan ne injin yake zuƙar mai. Murfin da robarsa ta tsage yana ƙara shigo da ruwan sama kai tsaye. Saboda haka akwai ɗan famfo a ƙarƙashin tanki wanda ake tatsar mai daga gare shi cikin kofi mai haske kafin kowane tashi. Idan ka ɗaga kofin zuwa rana za ka ga ruwan ya kwanta a gindi ɗigo-ɗigo, wani lokaci da tsatsa ko baƙin datti, kuma ana ci gaba da tatsa har sai mai tsantsa ya fito. Man da ya yi watanni kuwa, musamman fetur na mota, ya riga ya rasa ƙarfinsa ya fara danƙo a cikin kafireta, don haka juye shi gaba ɗaya za a yi, ba a ƙara sabo a kansa. A duba kuma ɗan bututun da tanki yake numfashi da shi, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a cikinsa, kuma bututun da ya toshe yana barin injin ya tashi lafiya a ƙasa, sai an yi sama man ya yanke.

Game da fetur na gidan mai, injin Rotax 912 ya yarda da shi, amma da sharaɗi. Nau'insa mai ƙarfin doki 100 yana buƙatar fetur mai okten 95 zuwa sama (okten ma'aunin ingancin fetur ne), kuma sinadarin etanol, wato wani nau'in barasa, da ke ciki kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Ko da injin ya jure, wani tankin na fiba ne wanda etanol ke narkar da shi, don haka littafin jirgin shi ne mai yanke hukunci. Gwajin etanol ba wuya: a zuba ruwa kaɗan a kwalba a yi masa alama, a cika da fetur a girgiza, idan ruwan ya haura alamar bayan ya kwanta, akwai etanol ko ɗan'uwansa a ciki. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai metanol, ɗan'uwan etanol, da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya lalata motocin jama'a, ya san ba tsoron banza ba ne. Man 'yan bumburutu ba ya ma shiga lissafi. Idan aka koma ga man jirgi mai launin shuɗi da ake kira 100LL, yana da darma a ciki, sai a riƙa canza baƙin mai duk sa'o'i 50 maimakon 100. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, zuba mai daga jarkar roba yana iya haifar da tartsatsi, sai an haɗa jirgin da mazurari da ƙasa ta hanyar waya kafin a fara.

Injin kansa yana da nasa ƙa'idojin da suka saɓa wa na mota. Ba a auna baƙin mai a Rotax sai an kashe wuta an juya farfela da hannu ta fuskar da take juyawa, har a ji tankin baƙin man ya yi gyatsa, alamar man da ya kwanta a ƙasan injin ya dawo. Ba a ba shi cikakkiyar wuta sai zafin baƙin man ya kai digiri 50 a ma'aunin Salsiyos. Tiyo-tiyo da sauran kayan roba ana sauya su duk shekara 5 ko da kyansu na nan a ido, kuma ƙurar hunturu tana sa a yawaita duba matatar iska.

Inda hannunka zai tsaya shi ne abin da na fi so ka riƙe. Za ka iya wankewa, ka tace mai, ka lura da yoyo ka faɗa, amma gyara da sa hannu a littafin jirgi aikin injiniya ne mai lasisin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, kuma jirgin da ya yi wannan zama bai kamata ya bar ƙasa ba sai irin wannan injiniya ya duba shi. Idan sha'awar aikin ta kama ka, Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana koyar da gyaran jirage, kuma kana iya zuwa ka tambayi sharuɗɗan shiga.