Tambaya da Amsa: Kujerar Hawa Bene, Me Za a Duba Kafin a Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, ciwon gwiwa ya matsa mata, ga shi ɗakinta a saman bene yake. Yayana da ke zaune a Ingila ya ce akwai kujera mai aiki da lantarki da ake kafawa a kan matakala, ta hau da mutum ta sauko da shi, har ma ya samo wata ta hannu da araha yana so ya aiko mana. Matakalarmu ta siminti ce, tana da kwana ɗaya a tsakiya. Shin mu ce ya aiko? Kuma yaya za mu yi da ita idan an ɗauke wuta? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, ku kuma Ya saka muku da alheri. Malama, ki ce wa yayanki ya dakata da biyan kuɗin tukuna, kuma babban dalilin shi ne wannan kwanar da kika ambata.

Ita wannan na'ura kashi biyu ce, wato kujerar da ke ɗauke da injin a ƙarƙashinta, da kuma dogon ƙarfen da take bi daga ƙasa zuwa sama. Ido kan tsaya ne a kan kujerar, alhali ƙarfen ne ke cin kuɗi, shi ne kuma ke yanke hukuncin ko na'urar za ta yi aiki a gida ko ba za ta yi ba. Idan matakala miƙaƙƙiya ce, ƙarfen sanda ɗaya ce da ake yankewa daidai tsawon da ake so, don haka ana iya kwance shi daga wani gida a ɗaura a wani. A Ingila sabuwar irin wannan kan fara ne daga wajen fam 2,000. Idan kuwa matakala tana da kwana, sai ma'aikacin kamfani ya zo ya auna kowane taki, tsayinsa da faɗinsa da yadda kwanar ta juya, sannan a lanƙwasa ƙarfen a masana'anta domin wannan gida kaɗai, kuɗinta kuma kan ninka na miƙaƙƙiya sau biyu ko fiye. Ƙarfe mai kwana da aka cire daga wani gida a Landan tamkar rigar da tela ya ɗinka wa wani ce, da wuya ta zauna wa naku benen. In kuma wadda yayanki ya gani miƙaƙƙiya ce, to a kwanar za ta tsaya.

Akwai dabara guda da ke rage kuɗi. Idan a wurin kwanar akwai fili shimfiɗaɗɗe mai faɗi, ana iya kafa miƙaƙƙu guda biyu, ɗaya daga ƙasa zuwa filin, ɗaya daga filin zuwa sama. Sai dai hakan na nufin Hajiya za ta miƙe a tsakiyar bene ta sauya kujera, kuma ga mai ciwon gwiwa, tashi da zama su ne aikin da ya fi ciwo, su ne kuma lokacin da aka fi faɗuwa. Ni dai ba zan ba da wannan shawara ba sai likitan da ke yi mata gashi da motsa jiki ya duba ta ya amince.

Kafin kowane ciniki, a ɗauko abin awo a auna faɗin matakalar. Yawancin waɗannan kujeru na bukatar faɗin da bai gaza santimita 70 zuwa 75 ba, domin mutum a gefe yake zama, bayansa na jikin bango, gwiwoyinsa na fuskantar ɗaya ɓangaren. Wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa sosai yana bukatar fiye da haka, ko kuma irin kujerar da ake ɗosana mata jiki kawai mutum na kusan tsaye. A kuma san nauyin Hajiya, domin yawancinsu kilo 120 zuwa 140 suke ɗauka, masu ƙarfi na musamman su kai 160. Ƙafafun ƙarfen a kan takin matakala ake ɗaure su, ba a jikin bango ba, saboda haka siminti ba matsala ba ne, illa dai idan an shimfiɗa tayil sai an huda shi da kulawa. Idan akwai ƙofa dab da gindin matakalar, a nemi ƙarfen da ƙarshensa ke naɗewa sama don kada ya tare hanya.

Batun wuta bai kai yadda kike tsoro ba, amma yana da nasa sharaɗin. Kujerun zamani da batir suke tafiya, galibi guda biyu masu bolt 12, kuma suna yin caji ne idan an ajiye kujerar a ƙarshen ƙarfen, sama ko ƙasa. Ɗauke wuta ba zai bar Hajiya a rataye a tsakiyar bene ba, domin batir mai lafiya na iya yin sawu da dama. Ƙarfin lantarkinmu kuma daidai yake da na Ingila, bolt 230, don haka na'urar can ba ta bukatar a sauya mata komai. Abin da ke kashe ta a nan shi ne wutar da ke hawa da sauka, da kwana biyu ko uku ba caji, da kuma zafi. Batirin da a Turai kan yi shekara 3 zuwa 5 ba lallai ya kai haka a Kaduna ba. Saboda haka a haɗa cajarta da sitabilaiza, in akwai sola ko inbata a gidan a ɗora ta a kan layinsu, wutar da take ja kaɗan ce. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙarfen da busasshen tsumma, domin ƙura na taruwa a haƙoran da injin ke kamawa.

Duk wadda za a saya, a tabbatar kujerarta na juyawa ta kulle idan ta isa sama, yadda Hajiya za ta sauka tana fuskantar fili, matakala na bayanta. A tabbatar tana da bel na ɗaure jiki, da na'urar da ke tsayar da ita idan matakin ƙafa ya ci karo da wani abu, da rimot biyu na kiranta daga sama ko ƙasa. Makulli ma wajibi ne a gidan da jikoki suke, in ba haka ba za su mayar da ita lilo. Kada a yi mamakin nawarta, ƙa'idar Turai ta hana ta wuce santimita 15 a daƙiƙa.

Stannah da Acorn na Ingila, da Otolift na Holan, da Bruno na Amurka duk sanannu ne a wannan sana'a, amma sunan kamfani ba zai gyara na'ura a Kaduna ba. Tambayar da za ki yi wa kowane dillali ita ce, wa zai kafa ta, wa zai zo duba ta sau ɗaya a shekara, ina kayan gyaranta suke, kuma kwana nawa zai ɗauka ya iso idan ta tsaya. Ki nemi garanti a rubuce, ki nemi ya haɗa ki da gidan da ya taɓa kafa wa ki ji daga bakinsu. Ta hannu da aka shigo da ita daga waje yawanci ba ta da garanti, ga kuɗin jirgi da na kwastan a kai. Ki kuma zauna da 'yan'uwanki ku lissafa kuɗin gyara wa Hajiya ɗaki da banɗaki a ƙasa, domin sau da yawa ya fi araha nesa ba kusa ba, muddin ita da kanta ta yarda ta bar ɗakin da ta saba.

TAMBAYA: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, a keken guragu yake. Wannan kujera za ta yi masa? Daga wani mai karatu a Abuja.

AMSA: Allah Ya ba Baba lafiya. Malam, kujerar ba ta ɗaukar keke, dole a ɗaga shi daga keken zuwa kanta, a kuma ajiye wani keken a sama yana jira. Idan ba ya iya zama tsaf ba tare da an riƙe shi ba, ba ta dace da shi ba. Abin da ake yi wa irinsa shi ne faranti mai faɗi da keken ke hawa ya bi matakala, wanda ke bukatar bene mai faɗi sosai, ko ƙaramin lif da ake huda rufin simintin da ke tsakanin ƙasa da sama don ya wuce. Ka fara kai maganar gaban likitan da ke duba shi kafin ka kira dillali.