Amsar Goggo Kan Habaici

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika kawo tambayar wurina. Kin ce faccalarki tana wanke-wanke a bakin famfo, ta ɗaga murya tana cewa "wasu dai sai rana ta take sannan a ga ƙeyarsu," alhali babu kowa a tsakar gidan sai ke da ita. Kina so ki san ko wannan ne habaici, daga ina muka samo shi, kuma ko ya kamata ki rama.

Shi ne, babu ko tantama. Habaici magana ce da ake nufin mutum da ita ba tare da an kama sunansa ba, a kuma faɗe ta inda zai ji. Sharaɗinsa ke nan: mai shi yana wurin, ko kuma an tabbata za a kai masa. In ba ya nan kuma ba a so ya ji, gulma ce. In an dubi tsabar idonsa an gaya masa, baƙar magana ce. Ki lura da yadda muke faɗa: "ta yar mata da habaici," "ta yada magana." Yarwa ake yi a ƙasa, wanda ya sunkuya ya ɗauka shi ya ce tasa ce. Shi ya sa in kika tanka, amsarta a shirye take: "Na kama sunanki?" Kalmar tsohuwa ce, tana cikin ƙamus ɗin Bargery da aka buga a 1934, kuma kakanninmu sun daɗe da ita kafin wani ya rubuta ta.

Tana da 'yan'uwa da yaran yanzu ke cakuɗa su. Gugar zana da shaguɓe kusan ɗakinsu ɗaya da habaici, sai dai sun fi shi sauƙi, a goga a wuce. Zambo na makaɗa ne, shi kuma siffanta mutum yake yi, tsawonsa, haƙoransa, tafiyarsa, rowarsa, har kowa ya gane shi ya yi dariya. Ba'a kuwa wasa ce tsakanin waɗanda al'ada ta ba su dama, kamar taubasai, ko jika da kaka, ko Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi. Wanda ya yi fushi da ita shi ake ganin wautarsa. Sai hannunka mai sanda, wanda shi ne na kirki a cikinsu, domin gyara ake nufi da shi.

Asalinsa kuwa, a ganina, daga kunya ya fito, da kuma irin zaman da muke yi. Ki tuna gidan kakanki: magidanta da matansu da 'ya'yansu, ƙofa ɗaya, rijiya ɗaya, turmi ɗaya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan farinta, ba ta ɗaga ido gaban surukarta. To, wadda aka ɗora wa wannan nauyin baki, in abu ya ci mata rai, ina za ta kai shi? Ba ta da ikon fitowa fili ta faɗa, ba ta kuma da inda za ta je, gobe ma da matar nan za su haɗu a madafi. Sai ta nemo hanyar da maganar za ta isa, amma ƙofar musu ta zauna a buɗe, don kada zaman ya ɓaci gaba ɗaya. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma kasuwar ba ta watsewa.

Shi ya sa ya fi yawa wajen daka da niƙa. Na ga mata biyu a turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na tashi taɓarya na sauka, ɗaya na rera waƙa tana yabon kanta da danginta, kowane baiti da wadda ake nufi, ɗayar kuma ba ta fasa dakan ba, sai ta amsa da nata baitin. Aka gama, suka tankaɗe garin tare. Wannan irin ban cika damuwa da shi ba, huce haushi ne. Wanda ban taɓa mantawa ba na wani gida ne da muka yi maƙwabtaka. Uwargida ta watsa wa kaji tsaba, ta kori wata kaza da ƙafa, ta ce, "Ke dai ci kawai kika iya, ko ƙwai ɗaya ba a taɓa gani ba." Amaryar gidan, wadda Allah bai ba haihuwa ba, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Ba ta ce uffan ba, ta ɗauki farantinta ta shige. Ba a kama sunanta ba, amma duk wanda ke gidan ya sunkuyar da kai. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Kada ki ɗauka na mata ne kaɗai. A fada ya fi kaifi. Makaɗan sarauta irin su Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, in sun gama yabon ubangidansu sai su juya kan 'yan sarkin da suka nemi gadon suka rasa. Ba yadda za a yi makaɗi ya kira ɗan sarki da suna ya zage shi, gobe yana iya hawa karaga. Sai ya ce wani ya sayar da gona ya ba malamai da bokaye, rawani ya wuce shi. Fada duka ta san da wa ake. Da siyasar jam'iyyu ta zo, bayan kafa NEPU a Kano a 1950 da hamayyarta da NPC, mawaƙan ɓangarorin biyu suka ɗauki wannan makami suka shiga da shi dandali, kuma har yau ba a ajiye shi ba.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Addini bai hana sakaya magana ba. A Suratul Baƙara, aya ta 235, an yarda namiji ya nuna wa mace mai takaba sha'awar aure ta hanyar shaguɓe, ba tare da ya fito fili ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in wani ya yi kuskure yakan ce me ya sami wasu mutane suke yin kaza, don ya gyara ba tare da ya kunyata mai laifin ba. Amma Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana izgili da aibata juna da jifa da munanan laƙabi. Kuma malamanmu na Malikiyya ba su karɓi "ai ban kama suna ba" a matsayin mafaka ba. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin mutum biyu da suka yi cacar baki a zamanin Sayyidina Umar, ɗaya ya ce wa ɗayan, shi dai ubansa ba mazinaci ba ne, uwarsa ma haka. Kansa ya wanke a zahiri, amma kowa ya gane inda ya dosa. Umar ya yi shawara, sannan ya sa aka yi masa bulala 80, haddin ƙazafi. Abin da aka nufa aka duba.

Don haka kada ki rama. Ba tsoro nake koya miki ba. Mai habaici jira take ki tsargu, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ba ki tanka ba, maganar ta zauna inda aka yar da ita. Sannan ki dubi maganar ita kanta tsakaninki da Allah. In gaskiya ne kina makara ranar girkinki ko ranar sharar tsakar gida, ki gyara, ba don ita ba, don kanki. In ba gaskiya ba ne, ki bari sai ranar da kuke ku biyu, ranku a sanyaye, ki kira ta Yaya, ki ce in akwai abin da kike yi da bai yi mata daɗi ba ta gaya miki. Mafi yawan masu habaici ba su iya tsayawa gaban wannan tambayar. In abin ya kai ga taɓa mutuncinki ko na iyayenki, ki gaya wa maigidanki ya kai wa surukarku, ita ce mai ikon tsawatar wa matan 'ya'yanta.

Abu ɗaya kuma nake roƙonki: kada ki hau WhatsApp ki rubuta "hassada ga mai rabo taki ce" ko "ta Allah ba taku ba" don ta gani. Na tsakar gida iska ke kwashe shi, kuma ku biyu kuka ji. Na waya kuwa dangin mijinki duka za su karanta, a ɗauki hotonsa a ajiye, wasu uku da ba da su kike ba su tsargu su ƙullace ki.

Ki gaida maigidan naki da surukarki. In kun zo hutun sallah, ki tuna mini in nuna miki turmin nan na kakarki, yana nan a ɗakin ajiya.