Tambaya da Amsa: Jikoki sun bar kaka ita kaɗai, sun koma kan waya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni malamar Islamiyya ce a Tudun Wada nan Kaduna. Abun da ke damuna shi ne surukata, gida ɗaya muke, ta haura tamanin kuma Allah ya ba ta baki, tatsuniya da labaran da cike da cikinta, amma da an yi isha'i jikokinta kowa sai ya kama waya ko ya tasa talabijin a gaba, ita kuma tana ɗaki daga ita sai carbi sai ɗan rediyonta. Na tambayi ɗalibaina na ga duk kanwar ja ce. Shi ne nake tunanin ko mu riƙa naɗar muryar tsofaffin unguwa a waya muna kunna wa yara, to ban san ta ina zan fara ba, kuma ina tsoron kar tsofaffin su ɗauka raini ne.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Tunaninki mai kyau ne amma akwai waje ɗaya da nake so ki gyara tun kafin a fara: kar ke ki yi naɗar. Ki ba yaran wayar. In ke kika shiga ɗakin Hajiya kika naɗo kika zo kika kunna musu a aji, to yaran sun samu wani abun saurare ne kawai a cikin waya, ita kuma tana nan ita kaɗai yadda kika bar ta. Amma in jikanta ne ya yi sallama ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna gefen tabarmarta ya ce Kaka yau aiki aka ba ni a makaranta sai ke za ki fitar da ni, to sun zauna kenan, kuma zaman nan ai shi kike nema. Balle tsakanin kaka da jika akwai wasa, ke kin san wannan, abun da Hajiya ba za ta taɓa faɗa a gabanki ba saboda kunyar surukuta tana dariya za ta faɗa wa jikanta.

Na gani da idona a gidanmu. Ɗan ƙanwata mai shekara 11 muka tura da waya ya naɗo muryar wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aiki a masaƙa a Kakuri, tambaya ɗaya muka ba shi, wai Baba da ya ake zuwa aiki? Mutumin da kullum sai dai a gaisa ya wuce masallaci, ranar ya fi rabin awa yana magana, har da kwaikwayon jiniyar canjin aiki da bakinsa, yana ba da labarin yadda kekuna ke cika titi in an tashi. Yaron nan bai ma san an taɓa yin masaƙa a garin nan ba, alhali Kaduna Textiles tun 1957 ta fara aiki a Kakuri, kafin sauran su biyo baya. Yanzu in kin kunna muryar za ki ji wajen da Baba ya yi shiru ya ce bari in tuna sunan abokina, sannan ki ji yaron a hankali yana cewa to Baba.

Don haka kar ki tsaya a tatsuniya kaɗai. Kaduna gari ne na zuwa, tun da Turawa suka maido hedikwatar Arewa nan daga Zungeru mutane ke ta kwararowa, wani jirgin ƙasa ya kawo kakansa, wani soja, wani masaƙa, wani fatauci. Kusan kowane gida akwai labarin yadda aka zo. Yara su tambayi Kaka daga wane gari aka kawo ki, nawa ne sadakinki, wace waƙa kuke yi a dandali, kin ga hawan daba na FESTAC a 1977, da me kuke saurare a Rediyon Kaduna? Tambaya gajera, sai yaro ya kame bakinsa ya saurara. Wannan shi ne abu mafi wuya da za ki koya musu, kar su katse babba.

Ita tatsuniyar kuma a bar ta a yadda aka san ta. Da dare ake yi, in Hajiya ta ce ba ta yi da rana kar a matsa mata. Kar yaro ɗaya ya je, su je su huɗu ko biyar, saboda in ta ce ga ta nan ga ta nanku dole a samu masu amsa ta zo mu ji ta, in ta ɗauko waƙar da ke cikin labarin a samu 'yan amshi, har a kai ƙurunƙus. Kin ga wani Bature Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, waɗanda malamanmu suka rubuta da ajami, aiki ne babba wallahi, sai dai takarda ba ta iya riƙe tsamin bakin Gizo in yana yi wa Ƙoƙi wayo, ba ta riƙe kaurin muryar Dodo, ba ta riƙe karin waƙa. Wannan sai murya.

Kayan aiki ba wani abu ba ne, manhajar naɗar murya da ke cikin kowace waya ta isa. A cika caji, a kashe layi kar kira ya shigo ya yanke, a ajiye wayar kan filo kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakin mai magana, kar yaro ya riƙe yana jujjuyawa. A kashe fanka, a guji lokacin da janareton maƙwabta ke ruri. Minti 15 ko 20 ya isa, tsoho yana gajiya. Da an gama a rubuta sunan mai maganar da unguwa da kwanan wata a jikin fayil ɗin, kuma don Allah kar a bar shi a WhatsApp kaɗai, a kwafa a memori a kuma ajiye a wata wayar ko kwamfuta, waya ɓata take yi.

Maganar raini kuwa, ta ƙofa za ki bi. Ki fara sanar da maigidanki, in za a fita gidajen unguwa a je wajen mai unguwa da liman, ki shiga da kanki ki gaishe da tsohuwa da ɗan goronki ko sabulu ki faɗa mata abun da ake so da inda muryar za ta je. Sannan ranar da za a saurara a makaranta a gayyato su, a shimfiɗa musu tabarma a gaba, a jona wayar da 'yar sifika su ji kansu tare da jikokinsu.

TAMBAYA: Anti ni ɗalibi ne a Kawo, na naɗi hira da kakana har ya shiga labarin rikicin Kaduna na shekarar 2000, ya yi kuka ya ambaci sunayen mutane. Abokaina sun ce in ɗora a Facebook mutane su ƙaru. Ya kika gani?

AMSA: Ɗana, kar ka ɗora. Kai ya faɗa wa a matsayinka na jikansa, kuma mutanen da ya ambata suna da 'ya'ya da jikoki a garin nan, wasu a wannan ƙetaren kogin wasu a wancan. Ka koma ka kunna masa shi kaɗai ya ji, ka tambaye shi wane waje ya yarda a fitar, wane ne na gida. In ya ce duka na gida ne to shi kenan, ka kwafa ka ba babanka ya adana. In ya yarda da wani ɓangare sai ka yanke sunayen ka sake kunna masa kafin kowa ya ji. Kuma in ka koma ka tambaye shi su wa suke maƙwabtansa kafin wannan shekarar, a wace unguwa suka zauna, wa ke kawo musu abinci ranar Kirsimeti, su kuma wa suke kai wa naman layya.