Akwatin Wufa: Rufaffe ko Mai Bututu?

Ka tambaye ni, tun da akwati mai bututu ya fi rufaffe ƙara, me zai hana mu riƙa yi wa kowa mai bututu mu huta. Ka kuma ce mai Corolla ɗin nan ya kawo wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, inci 12 da aka rubuta wat 3000 a jikin kwalinta, yana son ta girgiza layinsu. To ajiye zarton nan, yaro, ka saurara.

Wat 3000 ɗin nan cire shi daga ranka, na jawo mai saye ne. Buɗe takardar da ke cikin kwalin ka nemo inda aka rubuta RMS. Shi ne ƙarfin da wufar za ta yi ta ɗauka ba tare da kwayil ɗinta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa faifanta, ya ƙone ba, kuma yawanci bai wuce rabin na kwali ba, wani sa'in ko kusa bai kai. Da shi ake zaɓen amfilifaya.

Aikin akwati kuwa ga shi. Faifan wufa in ya tura iska ta gaba, a daidai lokacin yana janye ta ta baya. In babu abin da ya shiga tsakani, sai su kashe juna, ka ga faifai na ta rawa amma babu dundu. A rufaffen akwati, iskar da aka kulle ciki ita ke riƙe faifan, ta maido shi mazauninsa. Shi ya sa bugunsa ke fita tsaf, kiɗan ganga ya tsaya inda mai kiɗa ya tsayar da shi. Ga shi ba ya cin wuri: inci 12 yawanci lita 28 zuwa 35 sun ishe ta. Ko ka ɗan kuskure awo, zai rufa maka asiri. Ita ma motar tana taimakonsa, domin cikinta ɗan ƙaramin ɗaki ne, kuma ƙaramin ɗaki na ƙara wa sautin ƙasa nauyi, daidai inda rufaffen ya fara sanyi.

Mai bututu kuma wani abu ne daban, nan ne yara ke ɓata katako. Ramin nan ba tagar shan iska ba ce da za ka huda yadda ka ga dama. Ka san in ka hura bakin kwalba tana ba da amo guda, babbar kwalba amo mai kauri, ƙarama siriri? Haka yake. Girman akwatin, da faɗin bututun, da tsawonsa, su ukun ke yanke amon da akwatin zai ƙarfafa. A mota yawanci muna saita shi tsakanin Hz 32 da 38, Hz kuwa shi ne ma'aunin kaurin amo ko sirantarsa. A kusa da nan za ka samu ƙarin ƙara kamar desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙara), wanda in da amfilifaya za ka nema sai ka ninka wat biyu. Wannan ita ce ribar da ka gani.

Ga abin da ba ka gani ba. Akwatin sai ya kusa ninka rufaffe girma, lita 50 zuwa 60 ga inci 12 ɗin nan, mai mota ya rasa inda zai sa buhu. In bututun ya yi ƙunci, iska ta riƙa fito da huci. In ka faɗaɗa shi, dole ka ƙara masa tsawo kafin ya koma amon da kake so, tsawon nan kuma cikin akwatin zai ci. Mafi muni, duk sautin da ya yi ƙasa da inda ka saita, akwatin ba ya riƙe faifai ko kaɗan, sai ya yi ta lilo har ya yage ko kwayil ya bugi ƙasa. Don haka ba na sakin akwati mai bututu sai amfilifayar tana da matatar da ke yanke sautin can ƙasa, in saita ta kaɗan ƙasa da amon akwatin.

Ba ma kowace wufa ke son bututu ba. A takardar nan akwai wasu lambobi da ke bayyana halin wufar, Fs da Qts da Vas. Wani injiniya a Ostareliya, Neville Thiele, ya fito da lissafinsu a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, har yau da su masu ƙera sifika ke aiki. Kai dai riƙe Qts. In ta gaza 0.4, wufar ta fi dacewa da bututu. Daga nan zuwa 0.7, rufe ta. In kamfanin ya rubuta litar da yake so, bi nasa ka bar nawa. In kuwa wufar ba ta zo da takarda ba, irin ta hannu da ake kwasowa kasuwa, rufaffe zan yi mata, ba na caca da kuɗin mutane.

Akwai akwati na uku da ake ɓoye wufar gaba ɗaya a ciki, sauti na fita ta bututu kaɗai. Ba naka ba ne yanzu. Ko wufar na kukan mutuwa a ciki ba za ka ji ba.

Kafin ka yanke shawara, tambayi mai mota abin da yake saurare da kuma ko yana ɗaukar kaya. Mai son a ji shi daga bakin titi, but ɗinsa kuma fayau, mai bututu ne nasa. Mai son kalangu da muryar mawaƙi su fita ras, rufaffe.

Wajen awo, ciki ake aunawa, ba waje ba. Tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, ka raba da 1000, ka samu lita. Misali 35 da 35 da 28 zai ba ka lita 34 da ɗoriya, sai ka cire kamar 2 ko 3 na wurin da maganaɗisun wufar zai cinye. Katako MDF, wato na matsattsen garin katako, mai kaurin milimita 18, ba silin ba, gam a kowace mahaɗa kafin sukuru. Ka shafe shi da fenti ciki da waje, don MDF in ya sha ruwan damina kumbura yake.

Ka kuma duba om, wato ma'aunin yadda kwayil ke turje wa wutar lantarki. Wufa mai kwayil biyu, kowanne om 4, in ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa ta koma 2, in ka jera su ɗaya bayan ɗaya ta zama 8. Kada ka ba amfilifaya om ƙasa da abin da aka rubuta mata. Fiyus kuma kusa da batir, kada tazararsu ta wuce santimita 45.

In ka gama rufaffen, ɗora yatsunka kewaye da tsakiyar faifan ka danna a hankali. In ka ji iska na tura hannunka, ya rufu. In ya shige laƙwas, ko ka ji huci ta wata kusurwa, kwance wufar ka sake bin mahaɗun da gam.