Bourbon: daga ina ƙanshin banila da gyaɗa yake, kuma me ya sa masu kuɗi ke shan mai araha?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a birnin Louisville da ke jihar Kentaki a Amurka, sana'ata tuƙi. Yawancin fasinjojina baƙi ne masu zuwa yawon ganin masana'antun wiskin nan da ake kira bourbon. Ni ba na sha, addinina ya hana, amma hirarsu kullum a kunnena take. Sai ka ji wannan ya ce ya ji banila da kwakwa, wancan ya ce gyaɗa ko ayaba. Shin zuba waɗannan abubuwa ake yi a ciki, ko burga ce kawai? Na kuma lura masu sayen kwalbar ɗaruruwan daloli, in aka tambaye su wadda suke sha a gida, sai su ambaci ta dala 25 ko 30. Ina dalili?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka. Zan ba ka amsa ta fuskar kimiyyar abinci, domin ba sai mutum ya kurɓa ba kafin ya san abin da ke cikin kwalbar nan, na'urorin ɗakin gwaji suna nuna shi dalla-dalla.

Ba a zuba komai. Dokar Amurka ta tsaurara a kan abin da za a kira bourbon. Dole a yi shi a cikin ƙasar, masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka dafa, kuma a adana shi a sabuwar gangar itacen oak wadda aka babbake cikinta da wuta. In an rubuta straight bourbon a jiki, to ya yi aƙalla shekara 2 a ganga, kuma ba a yarda a ƙara masa launi ko wani abin ɗanɗano ba, sai ruwa kaɗai. Tun 1964 majalisar dokokin ƙasar ta ayyana shi a matsayin abin da Amurka ta keɓanta da shi, kuma jihar da kake zaune ita ke yin kusan kashi 95 cikin 100 nasa.

To in ba a zuba ba, ina banilar ta fito? Daga ganga. Abin da ke fitowa daga tukunyar tururin da ake tace barasar fari ne fes kamar ruwan famfo, warinsa na dafaffiyar masara ne da zafin barasa. Duk jan launin nan da kake gani a kwalba itace ne ya ba shi. Kafin a zuba, ana kunna wuta a cikin gangar, wadda ke cin kimanin lita 200, na daƙiƙa 15 zuwa 55, gwargwadon abin da masana'anta ta nema. Wadda ta ƙone sosai, wato mataki na 4, cikinta yakan tsattsage ya yi baƙi ƙirin, ya yi ɓawo-ɓawo. In ka kankare gawayin za ka tarar da wani siririn layi ja a ƙarƙashinsa, inda wuta ba ta cinye itacen ba, ta dai gasa shi. A wannan layin aikin yake. Zafi ya farfasa wani sinadarin itace mai suna lignin, ya fitar da vanillin, wanda shi ne ainihin abin da ke ba banila ƙanshinta a kek da askirim. Sukarin da ke jikin itacen ya narke ya soyu, shi ne suke ji kamar alewa ko ƙonannen sukari. Farin oak na Amurka yana da yalwar wani sinadari mai ƙanshin kwakwa, akwai kuma eugenol a cikinsa, wanda shi ne ƙanshin kanumfari. Wanda ya taɓa shan ruwan randar da aka turara ya san yadda mazubi ke ba abin da ke cikinsa ƙanshi ba tare da an jefa komai ba.

Yanayin Kentaki yana taimakawa. Dogayen rumbunan nan da kake wucewa a hanyar Bardstown, masu hawa bakwai ko fiye, yawancinsu ba a sa musu na'urar sanyi ko ta ɗumi ba. Da zafin bazara ruwan yakan kutsa cikin itace, da hunturu ya dawo ɗauke da abin da ya kwaso. Gangar da ke hawan sama ta fi shan zafi, tana saurin yin duhu da kauri, ta ƙasa kuma tana tafiya a hankali. Shi ya sa ganga biyu da aka cika rana ɗaya daga tukunya ɗaya za su fito daban bayan shekara 8, kuma shi ya sa wasu ke farautar kwalbar da aka ɗura daga ganga guda, irin Blanton's da aka fara fitarwa a 1984.

Ayaba da sauran ƙanshin 'ya'yan itace kuwa aikin yis ne. Yayin da yake cinye sukarin hatsi yana fitar da barasa, yana kuma fitar da wasu sinadarai masu ƙanshi, ɗaya daga cikinsu, isoamyl acetate, shi ne ƙanshin nunanniyar ayaba. Masana'antu da yawa suna riƙe da irin yis ɗinsu suna ɓoyonsa. Four Roses da ke Lawrenceburg ta daɗe da sanuwa da irin yis 5 da haɗin hatsi 2, wato girki 10 daga gida ɗaya. Gyaɗar da ka ji ana faɗa, galibi a kan kayan gidan Jim Beam ake faɗarta, kuma masu sha da yawa suna danganta ta da yis ɗin gidan.

Sai hatsi na biyu, wanda shi ne ya raba masoya bourbon gida biyu. Bayan masara da ɗan tsiron sha'ir, ana cike ragowar da rye, wani hatsi dangin alkama, ko kuma da alkamar kanta. Rye yana kawo yaji-yaji, kamar masoro da kirfa. Alkama tana barin zaƙin masara da na itace su fito fili, abin ya yi laushi a baki. Maker's Mark, mai jan kakin nan a wuyan kwalba, masara ce kashi 70, alkama 16, sha'ir 14, babu rye ko kaɗan. In ka ji fasinja ya ce shi mai alkama yake so, ka san mai neman laushi ne.

Akwai abin da nake so ka riƙe: kusan duk wannan hanci ne ke jinsa. Harshe zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri da daɗin romo kawai yake rarrabewa. Banila da kwakwa ƙanshi ne da ke hawa daga bayan maƙogwaro zuwa hanci. Shi ya sa za ka ga sun riƙe ɗan kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, su juya shi, su kai hanci da baki a ɗan buɗe, su kurɓi kaɗan su tattauna kamar mai tauna abinci. Zafin da suke cewa yana sauka a ƙirji kuma ba ɗanɗano ba ne. Barasa tana taɓa jijiyar nan da barkono ke taɓawa, mai jin zafin wuta, ta sa ɗumin jikin mutum kansa ya zama kamar ƙuna. Ɗigon ruwan da wasu ke sawa yana rage wannan ƙunar, ƙanshi ya samu hanyar fita. Ƙanƙara kuwa tana danne ƙanshin.

Amma ban ce duk abin da suke faɗa gaskiya ba ne. Banila, alewa, kwakwa, kanumfari da ɗacin itace suna nan, ana iya auna su. In mutum ya fara jero abu goma sha biyar daga kurɓa ɗaya, har da ƙurar tsohon ɗakin karatu, to tunaninsa da abin da ya karanta a jikin kwalba sun shiga ciki. A 2008 masu bincike a Kalifoniya sun ba mutane giyar inabi iri ɗaya da farashi biyu daban, sai aka ga sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwarsu ya fi motsawa idan an ce musu mai tsada ce. Ba ƙarya mutanen suka yi ba, sun ji daɗin da gaske, farashin ne ya ƙara shi. A taron ɗanɗano inda ake rufe sunan kwalba, ba abin mamaki ba ne mai araha ta doke mai tsada.

Nan muka zo tambayarka ta biyu, kuma a ganina masu kuɗin nan sun san abin da suke yi. Tunda doka ta tilasta wa kowa sabuwar ganga ta kuma hana ƙari, mai arahar ma ba jabu ba ce. Akwai wata tsohuwar doka ta 1897 da aka yi lokacin da 'yan kasuwa ke gurɓata wiski da launi da ruwan taba. Kwalbar da ke ɗauke da rubutun Bottled-in-Bond dole ta fito daga masana'anta ɗaya, a zango ɗaya na shekara, ta yi aƙalla shekara 4 a rumbun da gwamnati ke sa wa ido, kuma ƙarfinta ya zama kashi 50 cif. Evan Williams mai farar takarda tana cika waɗannan sharuɗɗa, kuma tana cikin mafi araha a kanta. Sunayen da za ka fi ji a bakinsu su ne ita, da Wild Turkey 101, da Old Forester 100, da Old Grand-Dad, da Buffalo Trace in an same ta, da Elijah Craig ko Knob Creek ga mai ɗan ƙarin kuɗi. Lambar da ke gaban sunan ma'aunin ƙarfi ce da suke kira proof, raba ta biyu ka samu kason barasa: 101 na nufin kashi 50.5. Suna son waɗanda ke kusa da kashi 50 ne saboda ba a tsinka su da ruwa sosai ba, ɗanɗanon yana tsayawa ko an sa ƙanƙara ko an haɗa da wani abu. Suna kuma son abin da za su samu a kowane shago, yau da gobe, ɗanɗano bai canza ba.

Tsadar sauran kuwa ƙaranci ne ya fi kawo ta. Duk shekara wani kaso na abin da ke cikin ganga yana bin iska, saboda haka gangar da ta yi shekara 20 ko 23, irin ta Pappy Van Winkle, abin da ya rage a cikinta kaɗan ne. Ana fitar da ita sau ɗaya a shekara, mutane su yi layi ko su shiga ƙuri'a, masu sake sayarwa su kai ta dubban daloli. Tsufa kuma ba kullum yake gyara ba. Sabuwar ganga tana da ƙarfi, in aka daɗe ɗacin itace yakan rinjayi komai, baki ya bushe. Jimmy Russell, wanda ya fara aiki a Wild Turkey tun 1954, an san shi da ra'ayin cewa in aka wuce shekara 12 ko makamancin haka itace ya fara yawa. Mai tsadar ta ajiya ce da nuna wa baƙo, da yawa ma ba a taɓa buɗe su.

Abin da ke damuna a hirar tasu shi ne yadda maganar ƙanshi ke rufe maganar yawa. A ma'aunin hukumomin lafiya na Amurka, sha ɗaya shi ne giram 14 na tsantsar barasa, wato mililita 44 na wiski mai kashi 40. Masoya bourbon ba kasafai suke tsayawa nan ba. Zubin gida yakan kai mililita 60, kuma in mai kashi 50.5 ce, wannan kofi ɗaya ya kusa giram 24, ya doshi sha biyu ke nan. In irin wadda ake ɗurawa kai tsaye daga ganga ce, mai kashi 60 ko fiye, ya cika biyun. Mai cewa kofi biyu kawai yake sha kowane dare, a lissafin likita uku ne zuwa huɗu. Hanta ba ta san banila ba, mai tsada da mai araha aiki ɗaya suke ba ta. Tun 1988 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar, ciki har da ta baki, maƙogwaro da hanta, daga baya aka ƙara ta hanji da ta nono. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, sannan a Janairun 2025 babban likitan gwamnatin Amurka ya nemi a rubuta gargaɗin cutar daji a jikin kwalabe.