Hukuncin karanta labaran zane na matattu masu dawowa ɗaukar fansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne, ina karanta labaran zane na ban tsoro a wayata, irin waɗanda ake kashe mutum da zalunci sai ya tashi daga kabari ya bi waɗanda suka kashe shi ɗaya bayan ɗaya. Abokina ya ce haramun ne domin ƙarya ce, har tana iya kai mutum ga kafirci. Na yawaita karanta su ne tun da 'yan fashi suka kashe yayana a hanya ba a kama kowa ba, kuma wani lokaci sai in ji da ma shi ma ya dawo. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan yayanka, ya isar masa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ɗana, da tambayarka ta tsaya ga karatun kaɗai da amsar ba ta yi tsawo ba, amma maganarka ta ƙarshe ita ta tsayar da ni, kuma a kanta hukuncinka ya rataya. Bari in fara da zancen abokinka.

Akwai malaman da suka hana ƙagaggen labari baki ɗaya, suna kafa hujja da hadisin Abu Dawud da Tirmizi da ya yi narko ga mai shara ƙarya don ya ba mutane dariya. Ban ga hadisin ya shafi wannan ba, domin ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba kana son a ɗauka ya faru, alhali mai ƙaga labari da mai karanta shi duk sun san ƙage ne tun daga shafin farko. Tsohuwar da ta tara jikoki bayan isha'i ta ce "ga ta nan ga ta nanku" ba ta yaudari kowa ba, kuma ba a taɓa jin yaron da ya wayi gari yana cigiyar gidan Gizo da Ƙoƙi ba. Malamai sun karanta Kalila wa Dimna, inda dabbobi ke magana, tun ƙarni na 2 na Hijira. Maƙamatul Hariri, wanda marubucinsa ya rasu a shekara ta 516 ta Hijira, har gobe ana ɗaukar karatunsa a zaurukanmu, ga shi kuwa jaruminsa Abu Zaid Assaruji mayaudari ne mai cin dukiyar mutane da zaƙin baki, amma ba a ce almajirin da ya haddace shi ya yi zunubi ba. Batun kafirci kuma ya fi rauni, domin hakaito kafirci ba kafirci ba ne. Alƙur'ani da kansa ya kawo maganar Fir'auna ta da'awar allantaka, muna karanta ta a salla. Ka gaya wa abokinka ya ji tsoron Allah game da wannan kalma, ba a jefa ta a kan Musulmi da zato.

To, me ya sa irin wannan labari ba ya tsufa? A Amurka, a 1954, masu buga waɗannan littattafai sun kafa wa kansu ƙa'ida da ta hana zana gawa mai tafiya, amma hanin bai kashe sha'awar ba. Littafin zane mai suna The Crow ya fito a 1989, kuma mai shi ya zana shi ne bayan da wani direba a buge ya kashe budurwar da zai aura. Spawn ya biyo baya a 1992, labarin mutumin da aka ci amanarsa aka kashe shi, ya ƙulla yarjejeniya da wani shaiɗani don ya sake ganin matarsa. Ka ga ashe abin da ke jan mutane ya wuce tsoro, jinin da ba a biya ba ne. Larabawan jahiliyya ma suna da nasu: sun yi imani cewa wanda aka kashe ba a ɗauki fansarsa ba, wani tsuntsu mai suna hama yana fita daga kansa yana kuka a bakin kabari, "ku shayar da ni," har sai an zubar da jinin makashinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rushe wannan da kalma biyu a hadisin Bukhari da Muslim: babu hama. Abin da mutanenmu ke kira fatalwa yana ƙarƙashin wannan rushewa.

Saboda haka asalin karatun halal ne ga wanda aƙidarsa ta zauna kuma bai shagala ga barin salla da karatunsa ba. Labarin da ke ɗauke da tsiraici, ko izgili ga Allah da mala'iku, ko yake nuna ƙulla alkawari da Shaiɗan a matsayin mafitar wanda aka zalunta, wannan a bar shi, babu saɓani. Zanen da ba shi da inuwa, wato irin na kan takarda, makaruhi ne a mazhabar Malik, amma mutum-mutumin roba na waɗannan jarumai kada ya shiga ɗakinka.

Kai kuwa, ɗana, shawarata ka ajiye su yanzu, ba don ka yi laifi ba. Burin ganin yayanka ƙauna ce, kuma sahabi Jabir ya ɗanɗani irinsa da aka kashe mahaifinsa a Uhudu. Annabi ya ba shi labarin cewa mahaifin ya roƙi Allah ya mayar da shi duniya a sake kashe shi, Allah ya ce hukuncinsa ya riga ya gabata cewa ba a komowa. Abin da nake ji maka tsoro shi ne kwana da waya a hannu cikin duhu kana kallon makasa ana yanka su shafi bayan shafi, domin wannan yana sosa gyambo ne, kuma na ga samarin da ƙullatar irin wannan ta kai su ga zargin maƙwabci ba da hujja ba. Jinin yayanka bai tafi a banza ba: jini ne farkon abin da za a yi wa hukunci tsakanin mutane ranar Alƙiyama, kuma ya zo a Tirmizi da Nasa'i cewa wanda aka kashe zai zo riƙe da makashinsa yana cewa, ya Ubangiji, tambayi wannan don me ya kashe ni.

Ku ci gaba da bibiyar maganar a wajen hukuma, kada ku gaji, kuma kada ku ɗauki doka a hannunku. Ka bincika ko ya bar bashi ku biya masa, ka yi masa sadaka ko da ta ruwan sha ce, ka kuma riƙa zama kusa da mahaifiyarku idan tana raye, domin abin da take haɗiyewa ya fi naka. Ka karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara kafin ka kwanta, kuma kada ka bar ƙannenka ƙanana su riƙa leƙa waɗannan hotuna a wayarka. Idan barci ya ci gaba da ƙaurace maka, ka je ka ga likita, babu kunya a cikinsa. Allah ne mafi sani.