Amsa ga 'yar'uwa mai son murhun kankare a ɗakin cin abinci

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a wannan gyara da kuka ɗauko. Kin ce ɗakin cin abincinku mita 4 ne a mita 5, akwai murhun ɗumama ɗaki a jikin bango, kina so a kewaye bakinsa da kankare, amma abu uku na damunki: kada ɗakin ya koma kamar ginin da ba a gama ba, kada kankaren ya tsage, sannan ba ki san inda tebur zai zauna ba. Shekara 7 ke nan da muka yi irin wannan aikin ni da maigidana, kuma ɗakinmu kusan girman naku ne, shi ya sa na zauna in rubuta miki a tsanake.

Maganar tebur kin sa ta a ƙarshe, ni kuwa da ita zan fara, domin ita ce za ta yanke miki girman aikin, ba hoton da kika gani a intanet ba. Kujera ana ja, labule ana sauyawa, fenti ana sakewa, amma kankare idan ya kama sai guduma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin magini ya sa ƙafa cikin gidan, ki samo alli da tef ɗin awo ki zana komai a ƙasa. Teburin mutum 6 yakan kai santimita 180 a tsawo da 90 a faɗi, saboda kowane mai zama yana bukatar kamar santimita 60 don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Daga bakin tebur zuwa bango ki bar aƙalla santimita 90, shi ne zai ishi mutum ya ja kujera ya miƙe ba tare da ya goga bango ba. Sai ki zana dakalin da zai fito a gaban murhun, wanda yake tare tartsatsi da garwashi. A dokar ginin gidaje da ake bi a yawancin Amurka, ƙaramin murhu dakalinsa ba ya gaza kamar santimita 40 a gaba da 20 a kowane gefe, babba kuma 50 a gaba da 30 a gefe. Ki tambayi dokar inda kike, amma waɗannan lambobin za su ba ki hoton wurin da murhu yake ci. Idan kin gama zanen, ki jero kujeru na gaske a kai, ku zauna da mutanen gidan, wani ya ɗauki tire ya zagaya. Nan take za ki ga inda hanya ta toshe.

Mu ba mu yi haka ba, kuma mun ji a jikinmu. Mun shimfiɗa teburin a gicciye, dogon gefensa yana kallon wutar, don haka mutum 3 suna ba ta baya a tazarar da ba ta wuce mita 1 ba. Daren farko da muka yi baƙi a lokacin sanyi, waɗanda ke ɓangaren wuta gumi suke yi suna matsar da kujera, na ɗaya ɓangaren kuwa ƙafafunsu na sanyi. Buɗaɗɗen murhu haka yake, abin da ke gabansa kawai yake gasawa, mafi yawan zafin yana bin bututun hayaƙi ya fice. Sai da muka juya teburin, kansa ya kalli murhun, muka bar kamar mita 1 da rabi tsakanin dakali da kujerar farko, sannan zama ya yi daɗi. Yanzu kowa yana ganin wutar ta gefen ido, mutum ɗaya ne kawai yake ba ta baya, kuma kujerar nan ta zama ta surukata mai jin sanyi. Idan murhunku yana jikin bangon mita 4, kin yi sa'a, tsawon mita 5 zai ba ki kusan wannan tazarar. Idan kuma yana jikin dogon bangon ne, ki yi tunanin tebur mai zagaye, ko ki matsar da teburin gefe ɗaya ki bar gaban wutar ga ƙananan kujeru biyu.

To, batun tsagewa. Abu na farko da nake so ki riƙe ki kuma faɗa wa maginin da bakinki: cikin murhun daban, kewayensa daban. Inda harshen wuta yake lasa, bulo mai jure wuta ake jerawa da irin simintinsa na musamman, ko kuma a sa akwatin ƙarfe da aka ƙera don haka. Kankaren gini na yau da kullum yana fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya haura digiri 300 a ma'aunin Salshiyos, wutar itace kuwa tana wuce haka nesa ba kusa ba. Ban da wannan, ruwan da ya maƙale a cikin kankare idan ya tafasa yakan fasa fuskarsa, ɓarɓashi ya riƙa tsalle. Saboda haka kankare ado ne na waje, ba shi ne zai riƙe wutar ba. Idan akwatin ƙarfe ne a ciki, a bar ɗan sarari tsakaninsa da kankaren a cike da abin da ba ya ƙonewa, domin ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri ya buɗe, idan an manne su sai ya ture kankaren.

Abu na biyu haƙuri ne. Kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa, kuma a makon farko dole a riƙa jiƙa shi ko a lulluɓe shi da leda don kada ya bushe da gaggawa. Mu a kwana na 10 sanyi ya matsa, muka kunna wuta mai ƙarfi, da safe sai ga tsaga siririya kamar gashi ta tashi daga kusurwar bakin murhun ta yi sama. Kusurwa ita ce inda tsaga take son farawa, shi ya sa magini mai sanin aiki yake gitta ɗan rodi a wurin. Tamu ba ta ƙaru ba a shekara 7, kuma ba ta taɓa ƙarfin ginin ba, amma har yau idona yana kai wa gare ta. Ki bar shi ya cika wata guda, in da hali ya ɗara, sannan ki fara da 'yar ƙaramar wuta ta kamar rabin awa, kina ƙarawa kullum har mako ya zagayo. Kuma ki sa a ranki cewa siraran layuka na iya fitowa duk da haka, ɗabi'ar kankare ce. Wadda za ki damu da ita ita ce tsagar da take buɗewa tana ƙaruwa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ya fi tsagewa haɗari, wato nauyi. Mita 1 na kankare ta kowace fuska, tsawo da faɗi da kauri, yana kai kilo 2,400. Namu ya rufe murabba'in mita 4 na bango a kaurin santimita 5, kin ga kilo 480 ke nan a tsaye a wuri ɗaya. A ƙasa muke, kan daɓen siminti, shi ya sa ba mu damu ba. Idan ɗakinku a bene yake ko daɓen na katako ne, kada a zuba komai sai injiniya ya duba. Akwai mafita biyu masu sauƙi. Ana yin falle-fallen kankare da aka cuɗa da zaren gilashi, kaurinsu kamar santimita 2, a zuba su a wurin aiki a kawo a ɗaura. Nauyinsu kamar kashi ɗaya cikin uku ne na namu. Ko kuma a yi shafen siminti mai laushi, milimita 2 zuwa 3, a kan allon da ba ya cin wuta. Daga nesa ba kowa zai bambance ba. Da yau zan sake, falle-fallen zan zaɓa, don ko ba komai ƙurar zubi da jiƙa ba za ta shigo ɗaki ba.

Yanzu ga tsoronki na farko, kada ya yi kama da kango. Gaskiya zai iya, kuma na shiga gidajen da ya yi. Abin da na lura shi ne ba kankaren ne da laifi ba, abin da aka jera masa ne. Idan aka haɗa bango ruwan toka da tayil mai sheƙi da teburin gilashi da farin kwan fitila, ɗaki ya zama kamar wurin jiran likita. Kankare yana son a kusanto masa da abu mai ɗumi a ido. Teburinmu na katako ne mai kauri, launin zuma, kujerun kuma an yi musu rufi da yadi mai kaushi. Fitilar da ke rataye ta sauko zuwa santimita 80 daga saman tebur, kwan kuma mai haske ja-ja ne, wanda aka rubuta 2700K a kwalinsa. Wannan lambar ki riƙe ta, domin farin haske mai 6000K yana mai da kankare shuɗi-shuɗi kamar mara lafiya. Mun kuma sa ƙananan fitilu biyu a sama suna haska fuskar murhun a karkace, da dare sai duk ƙananan ramukan da zanen jikinsa su fito. Wannan shi ne abin da na fi so a ɗakin gaba ɗaya.

Fuskar kankaren kuwa katakon da aka zuba shi a ciki ne yake ba shi. Allo mai santsi yana fitar da shi sumul, ɗanyen katako mai jijiya kuma yana bar masa zanen icce, kamar an mayar da itace dutse. Na biyun ya fi kyau a idona, amma yana riƙe ƙura da baƙin hayaƙi, don haka mu sumul muka yi daga ƙasa, mai zanen daga sama. Idan ruwan tokan ya yi miki sanyi ana zuba garin launi a kwaɓin, ya ja zuwa ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi. Ki sa a zuba miki gwaji guda 3, kowanne kamar faɗin tire, ki jingina su a bangon na mako biyu, ki kalle su da safe da dare. Jiƙaƙƙen kankare duhu gare shi, sai ya bushe yake nuna launinsa na gaskiya.

Ƙara ma ta ba mu mamaki. Kankare yana mayar da sauti, ranar farko ƙarar cokali da faranti ta cika ɗakin har ba a jin hira. Kafet da labule masu nauyi suka gyara. Kafet ɗin ya zarce tebur da santimita 60 ta kowane gefe don ƙafar kujera kada ta riƙa sarƙewa, amma kada ya taɓa dakalin wuta, kuma na ulu ya fi na roba jure tartsatsi.

Tunda ɗakin ci ne, maiƙo zai kai wurin ko ba jima. Kankare yana shan ruwa da mai kamar soso, abu mai tsami irin ruwan lemo kuma yana cin fuskarsa ya bar fari. Bayan ya bushe sarai a shafa masa maganin toshe ƙofofinsa, irin wanda yake nutsewa ciki, ba mai kwanciya a sama kamar leda ba, domin wannan yakan ɓare ko ya yi rawaya kusa da zafi. Ni nakan ɗiga ruwa a dakalin lokaci-lokaci: idan ya tsaya dunƙule, da sauransa, idan ya nutse ya bar duhu, lokacin sake shafawa ya yi. Wanki kuma ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi sun isa.

Idan kina son kantar katako a saman murhun, kada ta kusanci bakin wutar da ƙasa da santimita 15, kuma gwargwadon fitowarta gwargwadon yadda za a ƙara ɗaga ta. Ramukan ƙusa da hanyar wayar lantarki a tanade su kafin zubi, huda kankare daga baya yana ɓantare shi. Sannan don Allah, ko itace kuke ƙonawa ko gas, ki sa na'urar da ke ƙara idan iska mai guba da wuta ke fitarwa, wato carbon monoxide, ta taru, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma a share bututun hayaƙin sau ɗaya a shekara kafin sanyi ya shigo. Idan kin yi zanen allin, ki turo awon da kika samu tsakanin dakali da tebur, da bangon da murhun yake, sai mu duba tare ko mai zagaye ne zai fi dacewa da ku.